Layi Goma a Gonar Masakwa

Ku malaman yanzu, da allinku da littafinku mai amsa a bayansa, kuna ganin koyar da lissafi ba wani aiki ba ne. Makon jiya ɗayanku ya zauna a zaurena na unguwar Pumpumre yana shan shayina, ya ce wai lissafi ya fi komai sauƙin koyarwa, tunda amsarsa ɗaya ce, ko yaro ya samu ko bai samu ba. Na ƙyale shi don baƙona ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ni ma na taɓa yin irin wannan tunani, kuma saura kaɗan ya raba wata mata da 'ya'yanta huɗu da abincin shekara. Zan ba ku labarin. Sai dai ku yi haƙuri in fara da wanda ya koya mini aikin, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Sunansa Malam Tanimu. Kakansa bafatake ne daga Kano, ya zo Garwa da jakuna, ya ga kogi, ya ƙi komawa. Fulani suna ce masa Modibbo, mu kuwa Malam kawai. Sauran malaman gari suna karantar da fiƙihu da nahawu, shi kuwa hisabi ya riƙe, wato lissafi, kuma ɗalibansa samari ne daga mai shekara goma sha biyu zuwa mai sha takwas, waɗanda suka yi nisa a allo. Na je wurinsa ina da sha huɗu, lokacin Jamusawa ba su daɗe da kama garin ba, suna ta gini da dutse a saman kogi. Shekara goma na yi a gabansa kafin ya yarda in zaunar da yara ni kaɗai.

Kayan aikinsa gaba ɗaya ba su cika kwando ba. Akwai faifai mai zurfi da yake zuba rairayin Binuwai a ciki, a rubuta da yatsa, a shafe da tafin hannu. Akwai jakar 'ya'yan tsamiya, da damin karan dawa da aka yanka tsawo ɗaya, da igiyar rama mai ƙulli a kowane taki. Aikina na farko tankaɗe rairayi ne. In ya ji tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin yatsansa, sai in koma kogi. Na ɗauka mugunta ce, sai daga baya na lura yaron da yake rubutu a rairayi ba ya tsoron kuskure, don babu abin da zai saura a nuna wa ubansa. Ku da kuke jan jar tawada a takardar yaro tun daga sama har ƙasa, ku yi tunani a kan wannan.

Na tuna ranar da wani mahauci ya kawo ɗansa, ƙato mai shekara sha biyar, ya ce malamai biyu sun gwada sun ce kansa dutse ne. Malam bai ba yaron faifai ba. Tambayarsa ya yi.

"In mutum bakwai suka yi watanda, suka yanka sa, wa ke kasa naman a gidanku?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To, in biyu daga cikinsu suka ce kashi ɗaya za su raba tsakaninsu fa?"

Yaron ya kwashe 'ya'yan tsamiya ya kasa a kan tabarma da sauri, ya fitar da rabon kowa babu gardama. Malam ya dubi uban ya ce, "Ɗanka ya san sulusi da rubu'i da sudusi, sunansu ne kawai bai sani ba. Ka bar mini shi wata uku." Haka yake yi da kowa. Ɗan mai tufafi da kamu ake fara masa, ɗan mai kwalekwale da buhunan da jirgi zai ɗauka bai nutse ba. Tambayarsa ta farko ga kowane sabon yaro ita ce me ake yi a gidansu. Iyaye kuwa suna kawo abin da ya sawwaƙa, wani hatsi, wani gishiri, wani goro, mahaucin nan kuma ƙafar saniya duk Juma'a, har muka gaji da ita.

Wata shekara wani Bajamushe mai awon ƙasa ya zo da sarƙa doguwa, da wani akawu ɗan bakin teku mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Malam, da furfurarsa da rawaninsa, ya bi su kwana biyu cikin rana yana kallo yana tambaya. Gari ya ɗauki magana, wai Modibbo ya zama yaron Nasara. Ko a jikinsa. Ya dawo da takarda ɗaya mai ƙananan gidaje, ya jera mu uku ya ce kowa ya auna zane ɗaya da kamunsa. Ni na sami tara, wani dogon yaro ya sami takwas, gajerenmu ya sami goma. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kun ga abin da mutanen nan suka fi mu? Hannunsu na awo ba ya girma, ba ya tsufa." A ranar ya yanka sanda ɗaya ya ce ita ce kamun zaure. Ban taɓa ganin mutumin da ba ya jin kunyar koyo kamarsa ba, kuma har yau in na tuna shi a bayan sarƙar nan sai in ji ina ƙara ganin girmansa.

Ni kuwa da na fara koyarwa, wata hanya na ɗauka. Ina da kaifin hadda, don haka na mayar da kowace ƙa'ida waƙa, yara su rera har sai ta zauna. Hanyar tana da sauri, iyaye kuma suna sonta, don in suka wuce ƙofar zaure suna jin murya suna cewa ana aiki. Malam ya sha ce mini, "Sani, kada ka ba yaro ƙa'ida sai ya taɓa abin da hannunsa." Nakan ce to, in ya juya baya in ci gaba da waƙata. A raina ina ganin tsoho ne mai son wasa da tsamiya.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke dawa tana shirin fitar da kai, ta bushe a tsaye. Kogi bai cika yadda ya saba ba, jiragen Turawa da ke hawowa in ruwa ya yi yawa kaɗan ne suka iso. Ɗalibanmu talatin suka koma tara, don wanda bai ci ba ba ya zaman lissafi. Malam kuma kurkunu ya kama shi a ƙafa, yana kwance a bayan zana, zaure ya dawo hannuna. Abin da ya rage wa mutane shi ne masakwa, dawar rani da ake dasawa a baƙar ƙasar fadama in ruwa ya janye. Ana yafa iri a wuri ɗaya, in ya tashi a tuge, a huda rami da sanda mai tsini taki ɗaya tsakani, a zuba ruwa, a sa dashe. Kwanakin yin haka ƙidayayyu ne, in ƙasa ta tsage an gama. A shekarar, fadamar da ta sha ruwa kaɗan ce, kowane taki ɗaya abincin wani ne.

Cikin yara taran nan akwai Haruna, ɗan shekara sha shida, wanda ya fi kowa iya waƙoƙina. Ubansa ya tafi fatauci Kusiri, zazzaɓi ya kashe shi a hanya, ya bar uwar Haruna, Hajara, da 'ya'ya huɗu. Uban yana da gonar fadama da suka gada shi da wansa, Bappa Umaru, ba su taɓa rabawa ba. Bappa Umaru mutumin kirki ne, kada ku sa ran ɓarawo a labarin nan. Shi da kansa ya je wurin Jauro, mai unguwarsu, ya ce a raba biyu daidai, don kada wata rana a ce ya ci na marayu.

Al'adar wurin a lokacin, in za a raba gona, igiya ake zagayawa da ita. In igiyar da ta kewaye wannan ta kewaye wancan, an yi adalci. Haka kakanni suka yi, babu wanda ya taɓa tambaya. Gonar tana da faɗi a sama, sannan ta zube da tsawo ta bi bakin ruwa. Aka kira ni in yi shaida, tunda ni ne mai lissafi. Na je da igiyar zaure, ina taƙama. Rabon sama taki tamanin ne kowane gefe, kewayensa ɗari uku da ashirin. Na bakin ruwa tsawonsa ɗari da ashirin, faɗinsa arba'in, kewayensa shi ma ɗari uku da ashirin. Na ce daidai suke. Bappa Umaru ya bar wa marayu na bakin ruwa don ya fi kusa da ɗiba, Jauro ya kafa dutse, aka yi Fatiha. Dashen ma aka tuge aka raba dami-dami, kowane gida rabi.

Bayan kwana biyar, muna tsakiyar rera ƙa'ida da hantsi, Haruna ya ɗaga hannu.

"Malam, dashenmu ya yi saura."

"To, sai ku gode wa Allah."

"Na Bappa kuma ya ƙare, gonarsa ba ta cika ba. Ya aiko a ba shi namu. Inna ta ce in tambaye ka, in gona ɗaya ce, dashe ɗaya ne, me ya sa namu ya yi saura?"

Yara suka zuba mini ido. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ji an taɓa mini girma. Na ce wataƙila sun yi tazara da yawa, ko an yi kuskure wajen raba dami. Ya ce a'a, da sanda ɗaya suka auna tazara, damin kuma a gabansa aka ƙirga. Na ce, "Ɗari uku da ashirin da ɗari uku da ashirin, akwai wanda ya fi wani? Zauna. Uwarka za ta koya mini lissafi?"

Ya zauna. Sai muka ji zana ta motsa. Malam ne ya fito yana jan ƙafa, ya dafa sanda, ya zauna a ƙasa cikin yara. Ya sa Haruna ya maimaita maganar tun daga farko, bai katse shi ba. Sannan ya juyo wurina, murya ƙasa-ƙasa.

"Sani, me ka auna?"

"Kewaye, Allah gafarta Malam."

"A kewaye ake dasa masakwa?"

Nan take na gane. Na san ƙa'idar tsawo da faɗi, ni na mayar da ita waƙa, Haruna ma ya haddace ta. Amma a faifai muka san ta. Da na tsaya a gona na ga dattawa da igiya, ko kusa ba ta zo mini a rai ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Gano kuskuren shi ne mai sauƙi. An yi Fatiha, Jauro ya kafa dutse da hannunsa. In aka je aka ce wa Bappa Umaru rabonsa ya fi, ya ji an kira shi azzalumi a bainar jama'a, zai iya kafewa, a tafi gaban alƙali, kafin a gama dashen da ke hannun Hajara ya bushe, ƙasa ta tsage. Na ce bari in je in yi masa bayanin ƙa'idar. Malam ya ce, "Bayaninka ne ya kawo mu nan. Ka nemo mini jaki."

Washegari da sassafe muka ɗora shi a jaki, ƙafarsa a naɗe da tsumma, yara tara suna biye da igiya da turaku. Ya aika aka gayyato Jauro, wai ya zo ya ga karatun yara. Muka tarar da Bappa Umaru a bakin gonarsa yana duban wurin da ya rage babu dashe. Hajara tana can gefe ƙarƙashin wata ƙirya, ta lulluɓe ragowar damin da jiƙaƙƙen buhu. Bappa Umaru ya gaida Malam da Fulatanci.

"Jam na, Modibbo? Da wannan ƙafa ka fito?"

"Jam, Umaru. Roƙo na zo yi. Yaran nan sun iya lissafi a baki, amma ko rami ɗaya ba su iya hudawa ba. Kai ne manomi, ka nuna musu."

Bappa Umaru ya ji daɗi, ya ɗauko sandarsa. Malam ya sa yara suka ƙulle igiya mai taki talatin da biyu, suka kafa turaku huɗu a wani fili, taki takwas kowane gefe. Ya ce, "Cika mana wannan yadda kake cika gonarka." Bappa Umaru ya huda layi takwas, kowane layi rami takwas, yana yi yana yi wa yara tsiya wai hannunsu na riƙe alƙalami ne. Suka ƙirga tare, sittin da huɗu. Malam ya ce a cire turaku a matsa gaba, kada a kwance ƙullin, a ja igiyar ta yi tsawo, goma sha biyu da huɗu. Bappa Umaru ya sake hudawa. Da ya kai ƙarshe ya tsaya, ya waiwaya, ya ƙirga da kansa. Arba'in da takwas.

"Kun rage igiyar," in ji shi.

"Ga ta nan, auna."

Ya bi ta ƙulli-ƙulli, talatin da biyu. Ya sake bi. Daga nan bai ƙara tambayar kowa ba, shi da kansa ya tuge turakun ya ja igiyar ta ƙara sirancewa, goma sha biyar da ɗaya, ya huda rami goma sha biyar a jere, ya tsaya a kansu. Malam bai ce uffan ba, yana kan jakinsa yana korar ƙuda daga ƙafa. Ni bakina yana ƙaiƙayi in yi bayani, ya harare ni na haɗiye. Wannan shirun shi ne aikin, kuma shi ne abin da ya fi wuya a sana'armu. Mun daɗe a haka kafin Bappa Umaru ya ɗaga kai ya dubi gonarsa mai faɗi, ya dubi doguwar ta bakin ruwa, ya dubi buhun da ke gaban Hajara.

"Haruna," in ji shi, "zo nan, ɗana. Rami nawa ne a tawa?"

Haruna ya durƙusa ya rubuta a ƙasa da yatsa. "Dubu shida da ɗari huɗu, Bappa."

"A taku fa?"

"Dubu huɗu da ɗari takwas."

"Nawa zan mayar mu yi daidai?"

"Ɗari takwas. Layi goma na gonarka."

Bappa Umaru ya taka zuwa inda dashensa ya ƙare, ya ƙirga layukan da suka rage babu komai. Goma ne cif. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ya ce, "Inna lillahi. Ashe da na ciyar da 'ya'yana abincin marayun ƙanena, ina yi musu bisimilla."

Jauro ya fara cewa ai haka aka gada, kuma an riga an yi Fatiha. Malam ya ce, "Gaskiya ne, Jauro, ku kun yi yadda kuka tarar. Wanda aka kira don ya san abin da ya fi haka daga zaurena ya fito." Ya dube ni. Na fito gaban dattawa da yaran da nake koyarwa, na ce ni na yi kuskure, na auna abin da ba shi ake shukawa ba, kuma da aka tambaye ni na tsawata wa mai tambaya. Na juya wurin Hajara na ce ta yafe mini. Ta ce, "Allah ya yafe mana duka, Malam. Ni dai dashen nan nake ji, ya fara laushi." Bappa Umaru ya tashi ya ciccibi dutsen da kansa, ya kai shi bayan layi na goma, Jauro ya sake yin Fatiha.

Na ɗauka an gama, na kama igiyar jaki za mu koma. Malam ya ce, "Ina za ka? Umaru zai huda, Hajara da Haruna za su dasa. Wa zai ɗebo ruwa?" Ya sa aka ba ni tulu da ludayi. Rami ɗari takwas, kowanne ludayi biyu, daga bakin kogi zuwa saman gona, ni da ban taɓa ɗaukar abin da ya fi faifan rairayi nauyi ba. Yaran suka so su taya ni, ya ce su dai su riƙa ƙirgawa da ƙarfi. Kwana biyu muka yi. Kafaɗata ta saɓule, kuma tun daga lokacin na san abin da ɗari takwas take nufi.

Shekara arba'in na yi ina koyarwa bayan wannan, Jamusawa suka tafi, Faransawa suka zo da lekol ɗinsu, wato makarantar boko, na koyar a zaure na koyar a aji. Ban daina ba da ƙa'ida ba, amma sai yaro ya kasa, ya auna, ya yi kuskure ya gani da idonsa. In kuwa yaro ya ce mini abin da na faɗa bai yi daidai da abin da ya gani a gida ba, nakan ajiye alli in ce ya faɗa mini tun daga farko.

Masakwar ta yi, ba sosai ba, amma ta yi. A unguwarsu Haruna an yi jana'izar yara da yawa kafin damina ta dawo, gidan Hajara ba a fitar da kowa ba. Ranar da suka yi girbi ta aiko Haruna zaure da kwando cike da kawunan masakwa. Ya ajiye a gaban Malam, ya durƙusa, ya ce, "Inna ta ce wannan na Malam babba ne. Ta ce Malam ƙarami kuma a gaya masa ruwansa ya isa, a layi goman nan ko rami ɗaya bai mutu ba."